Kundin tunawa: tambayoyi da amsoshi ga mai son farawa

Kundin tunawa littafi ne da mutum ke haɗawa da hannunsa, yana liƙa hotuna da katin gayyata da ƙyallen anko da makamantansu, sannan ya rubuta bayani a gefensu. Ga tambayoyin da masu farawa suka fi yi, da amsoshinsu.

Mene ne bambancinsa da albam ɗin hotuna da muka saba gani?

Albam yana riƙe hoto ne kawai. Kundin tunawa yana riƙe hoto tare da labarinsa: wane ne wannan, a ina aka ɗauka, yaushe, wane sha'ani ake yi. Ɗauko tsohon albam na gidanku ka buɗe a gaban yara, za ka ga rabin fuskokin babu wanda zai iya kiran sunansu sai an tambayo dattijuwar gidan. Wannan giɓin kundin ke cikewa. Ado da furanni da takardu masu launi daga baya suke zuwa.

Mutane sun daɗe suna liƙa yankan jarida da wasiƙu a littafi, amma salon da ake yi yanzu, na shafi ɗaya-ɗaya cikin leda mai kariya, a Amurka ya bunƙasa. Wata mata mai suna Marielen Christensen ta baje kundayen iyalinta a wani taron adana tarihi a Salt Lake City a 1980, a 1981 kuma ta buɗe shagon kayan wannan aiki a jihar Utah. Shi ya sa har gobe yawancin kayan da awon inci ake sayar da su.

Wane kaya zan saya tun farko?

Kaɗan ne. Albam ko fayil mai zobe, ledojin saka shafi, kati mai kauri na shimfiɗa, almakashi mai kaifi, rula ta ƙarfe, wuƙar yankan takarda ko sabuwar reza, fensir da abin gogewa, salatif mai gam fuska biyu, da alƙalami baƙi mai tawadar da ba ta kodewa. Kana kuma buƙatar abin da za ka ɗora takarda a kai in za ka yanka, don kada ka tsaga teburi. Kwali mai kauri ya wadatar kafin ka sayi tabarmar yanka.

Katin shimfiɗa ya kasance mai nauyin giram 180 zuwa 220, za ka ga an rubuta a jikin ledarsa. Takardar fotokwafi ta yau da kullum giram 70 ko 80 ce, ba za ta ɗauki nauyin hotuna uku ba sai ta lanƙwashe. Launi uku sun isa: fari ko ruwan madara, baƙi ko ruwan ƙasa, da launi ɗaya mai haske.

Na'urorin fitar da siffofi, hatimai, fenti da tarin sitika, bar su tukuna. Yawancin waɗanda suka fara da cika leda da kayan ado sukan ƙare da akwatin kaya da shafi biyu kacal. Sai ka gama shafi goma za ka san ainihin abin da hannunka ke nema.

Wane girman shafi ya fi dacewa?

Wanda ya fi shahara shi ne inci 12 da 12, wato kusan santimita 30.5 kowane gefe. Yana ɗaukar hotuna uku ko huɗu masu girman inci 4 da 6 tare da wurin rubutu. Matsalarsa ita ce albam ɗinsa da ledojinsa da katinsa duk na musamman ne, in babu shagon da ke kawo su kusa da kai, aiki zai tsaya a tsakiya.

A4, mai santimita 21 da 29.7, shi muka fi ba mai farawa shawara a kai. Duk shagon litattafai yana da fayil da leda da kati na wannan awon, kuma duk injin fotokwafi yana ɗaukarsa. Hotuna biyu a kwance suna cin kusan santimita 20 na tsawonsa, saura kusan 9 ya rage na take da bayani. Akwai kuma ƙarami, inci 8 da 8, wanda ya dace da kyauta ko sha'ani guda, misali sunan jariri.

Game da ɗaurin, mai zobe ya fi sauƙi domin kana iya ƙara shafi a tsakiya ko ka sauya jeri. Mai waya murɗaɗɗiya ba ya barin hakan, kuma da shafuka sun yi kauri sai ya ƙi rufuwa.

Me ake nufi da takarda marar asid, kuma dole ne sai ita?

Takarda mai araha, irin ta jarida da kwalin kaya, daga itacen da aka niƙa ake yinta ba tare da an cire wani sinadari da ake kira lignin ba. Haske da zafi suna ruɓar da shi, ya koma asid, takardar ta yi rawaya ta fara karyewa. Asid ɗin kuma ba ya tsayawa wuri ɗaya, yana ratsawa zuwa duk abin da ke manne da ita. In ka taɓa ganin yankan jarida ya bar tabo mai siffarsa a shafin da ke kallonsa, aikin ke nan.

Takardar da ta dace ita ce wadda aka cire wa lignin, mai lamba 7 ko sama da haka a ma'aunin asid da ake kira pH. Masu sayarwa kan rubuta hakan a jikin fakitin. Wasu kayan ma suna ɗauke da alamar PAT, gwajin ƙasa da ƙasa mai lamba ISO 18916 da ke tabbatar da cewa abu ba ya cutar da hoto. Akwai alƙalamin gwaji da ake ɗiga wa takarda: in ɗigon ya koma ruwan shuni, takardar ba ta da asid, in ya koma rawaya tana da shi.

Dole ne? In hoton asali ne da babu kwafinsa, e, dole ne. In kwafi ne da kake da shi a waya kana iya sake wankewa, to kada rashin takarda ta musamman ya hana ka farawa. Nemi takardar zane mai kyau ta masu fenti, yawancinta marar asid ce, ka guji kwali da takarda mai launi da ke zuba in ruwa ya taɓa ta. Gwada da jiƙaƙƙen auduga: in launi ya fito a audugar, zai fito a hotonka ran da damina ta kankama.

Wane gam zan yi amfani da shi?

Nan ne mafi yawan ɓarna ke faruwa, don haka bari mu tsaya a kai.

Ga kwafin hoto, salatif mai gam fuska biyu shi ne mafi tsafta. Yanki gutsure biyar masu tsawon santimita 1 zuwa 2, ɗaya a kowace kusurwa, ɗaya a tsakiya. Ba sai ka shafe bayan hoton duka ba.

Gam na sanda, irin na 'yan makaranta, yana yi wa takarda marar nauyi, amma kan saki bayan 'yan shekaru, musamman inda zafi ya yi yawa. Farin gam na ruwa yana da ƙarfi, sai dai ruwan da ke cikinsa yana kumbura zaren takarda ta fuska ɗaya, shi ya sa take yin tudu da kwari in ta bushe. In za ka yi amfani da shi, sai ga ƙyalle ko maɓalli, ɗigo kaɗan da tsinke, sannan ka danne shafin da litattafai masu nauyi ya kwana.

Waɗanda za ka nisanta gaba ɗaya: salatif na yau da kullum, domin gam ɗinsa yana narkewa ya ratsa takarda ya bar tabo ruwan ƙasa da ba ya fita, sufa gulu, wanda ke sandarar da takarda ya bar farin hazo a fuskar hoto, gam ɗin masu gyaran takalmi, da fil ko ƙusar sitefula, waɗanda ke yin tsatsa. Ƙaro da kokon sitaci suna liƙa takarda sosai, amma abinci ne ga kyankyaso da ƙwarin takarda, kuma danshi na sake jiƙa su.

Ga hoton asali kuwa, kada gam ya taɓa shi ko kaɗan. Ana amfani da 'yan aljihunan kusurwa: su ake liƙawa a shafi, hoton ya zauna a cikinsu, a iya zare shi duk lokacin da ake so. In ba ka samu na sayarwa ba, kana iya yi. Yanki siririyar takarda mai faɗin santimita 1.5 da tsawon 5, ka naɗo hannuwanta biyu daga tsakiya zuwa ƙasa har bakinsu ya haɗu, sai ta zama alwatika mai aljihu. Zura kusurwar hoton a ciki, ka sa salatif mai gam fuska biyu a bayan hannuwan da ka naɗo. Guda huɗu kowane hoto.

Hotunana duk suna cikin waya. Yaya zan yi su fito da kyau?

Domin hoton inci 4 da 6 ya fito tas, yana buƙatar aƙalla ɗigo 1200 da 1800. Kyamarar kowace wayar zamani ta wuce haka. Abin da ke ɓata hoto shi ne yawo a WhatsApp da Facebook, inda ake matse shi duk lokacin da aka tura ta hanyar da aka saba. Nemi asalin daga wanda ya ɗauka, ya turo maka a matsayin fayil, ko ku haɗa da kebul. Hoton da aka ɗauko ta hanyar ɗaukar fuskar waya shi ne mafi muni.

Lura da siffa ma. Yawancin wayoyi suna ɗauka a ma'aunin 4 da 3, takardar 4 da 6 kuwa ma'auninta 3 da 2 ne, don haka in hoton a kwance yake injin wanki zai datse sama da ƙasa. Nan ne ɗankwalin amarya ko hular ango ke tafiya. Datse hoton da kanka a waya kafin ka kai, ko ka ce wa mai wankin ya bar farin gefe.

Wankin sutudiyo a takardar hoto ta gaske ya fi na ƙaramar firintar gida mai tawadar ruwa jure danshi. Takarda marar sheƙi ba ta nuna shatin yatsa, kuma ba ta cika mannewa da leda ba.

Ta ina zan fara? Hotunan sun yi yawa.

Zaɓi sha'ani ɗaya: biki ɗaya, tafiya ɗaya, walimar sauka, shekarar farko ta yaro. Fitar da hotuna 20 zuwa 30, ka yi shafi 8 zuwa 10. Kada ka ce za ka fara daga auren kakanni ka gangaro, ba za ka iso ba. Cikin hotuna shida na abu guda, ɗauki ɗaya mai nuna wurin gaba ɗaya, ɗaya mai nuna fuska kusa, sauran su zauna a waya.

Yaya ake shirya shafi ɗaya daga farko zuwa ƙarshe?

A ce shafin A4 ne na ranar suna, da hotuna uku da katin gayyata. Shimfiɗa katin a tebur, ka ja layi mai laushi da fensir santimita 1.5 daga kowane gefe, gefen da zobe zai shiga kuma 2.5 in huda shafin za ka yi kai tsaye. Zaɓi hoton da ya fi kowanne magana, a ce na kaka riƙe da jaririya, shi za a bari da cikakken girmansa. Yanka masa kati mai launi da ya fi shi da rabin santimita ta kowane gefe: hoton santimita 10 da 15 yana son kati 11 da 16. Wannan ɗan gefen ne ke sa ido ya fara sauka a kansa. Launin kuwa daga cikin hoton za ka ɗauko shi, misali koren mayafin kakar.

Sauran biyun a rage su zuwa kusan santimita 7 da 7, a jera su ƙasa da tazara iri ɗaya tsakaninsu, rabin santimita ya isa. Ajiye komai a kan shafin ba tare da gam ba, har da 'yar takardar da za ka yi rubutu a kai. Matsa wannan, juya wancan. Duba inda mutanen hoton ke kallo: su kalli cikin shafi, kada su kalli waje. In ya yi maka, ɗauki hotonsa da waya, ka sa ɗigon fensir a kusurwoyi, sannan ka kwashe ka fara liƙawa daga na ƙasa zuwa na sama. Rubutu a wata takarda daban ake yinsa a liƙa, domin in hannu ya kuskure takardar kawai za a sake. Ado shi ne na ƙarshe, abu biyu ko uku a tare wuri ɗaya, ba a warwatse ba. Bar tawada ta bushe sosai kafin ka zura shafin a leda.

Wajen yanka, riƙe rula da ƙarfi ka ja wuƙa sau biyu ko uku a hankali. Ja ɗaya da ƙarfi shi ke sa baki ya yi gashi ko wuƙa ta zame. In gefen takarda ya fara tsagewa, reza ta dakushe, sauya ta.

Me zan rubuta?

Cikakken sunan kowa daga hagu zuwa dama, da dangantakarsa da mai kundin, da gari ko unguwa, da rana da wata da shekara. "Hajiya Babba" kowa ya san ta yau, amma jikokin jikoki ba za su san wace ce ba, don haka rubuta sunan yanka tare da laƙabin. In an san kwanan watan Musulunci a haɗa da shi. Bayan haka, layi biyu ko uku na abin da hoto bai nuna ba: wa ya yi girki, me aka yi ta dariya a kai, nawa aka sayi ragon. Farashi yana daga cikin abubuwan da suka fi ba mai karatu mamaki bayan shekara ashirin.

Rubuta da hannunka ko da kana ganin rubutunka ba shi da kyau, da boko ko da ajami. Alƙalami mai tawadar da ba ta narkewa a ruwa, irin Sakura Pigma Micron mai baki 05, ya dace. A bayan hoto kuwa kada ka sa biro: bakinsa yana fito da shati ta gaba, tawadarsa kuma kan ratsa. Fensir mai laushi, 4B ko 6B, a gefe, hoton yana kife a kan abu mai tauri.

Zan iya yanka tsofaffin hotunan iyayenmu?

A'a. A yi musu sikanin a ɗigo 600 a kowane inci, a wanke kwafi, a yanka kwafin. Abin da ke bayan mutum a tsohon hoto, ƙofar zaure, mota, labulen mai hoto, hatimin sutudiyo a baya, shi ke taimakawa a gane wuri da zamani. Hoton Polaroid kuwa, irin wanda ke fitowa nan take daga kyamara, ba a yanka shi sam, domin akwai sinadarai a rufe a cikinsa.

Hotunanmu sun manne a tsohon albam mai gam da leda. Yaya zan ciro su?

Irin wannan albam, mai layukan gam a shafi da leda da ake ɗagawa, ya yi tashe a shekarun 1970 da 1980, kuma yana daga cikin mafi cutarwa. Kafin ka taɓa komai ɗauki hoton kowane shafi, don ka tsira da hotunan da jerinsu. Sannan sami zaren sakace marar ƙamshi, ka ɗan ɗaga kusurwa ɗaya, ka zura zaren ƙarƙashi, ka riƙe shi a miƙe kwance da shafin, kana ja hagu da dama a hankali. Kada ka ja hoton sama, zai naɗe ko bayansa ya ɓare. Wanda ya ƙi, bar shi a shafinsa ka wadatu da kwafin. Kada ka sa ruwa ko dutsen guga.

Katin gayyata, tikiti, rasit, ƙyalle, fure fa?

Katin gayyata a sa shi a aljihun kusurwa ko cikin ambulan da aka liƙa a shafi, don a iya karanta bayansa. Da yawa suna ɗauke da Bismillah ko aya, don haka a kula da inda ake ajiye kundin, guntayen da aka yanke kuma kada su tafi shara.

Rasit na POS da tikitin jirgi da na mota masu santsi ba tawada ba ce a jikinsu, zafi ne ya fito da rubutun, kuma yana gogewa da kansa. Yi fotokwafinsu tun suna karantuwa. In ka kai su laminatin, zafin injin zai mayar da su baƙi ƙirin. Laminatin ma gaba ɗaya ba a yi wa takardar asali, domin ba a iya warware shi. Yankan jarida shi ma kwafinsa ake liƙawa.

Ƙyallen anko a wanke shi a goge, a yanka kamar santimita 5 da 5, a ɗinke ko a liƙa nesa da fuskar hoto, saboda wani rinin yana zuba. Fure sai ya bushe ƙarau, mako biyu zuwa uku tsakanin takardu a ƙarƙashin nauyi, sannan ya shiga tasa 'yar ledar. Takardu masu lambar shaida, kamar fasfo da katin ɗan ƙasa, ba wurinsu ba ne kundin da baƙi za su riƙa buɗewa.

Kowace leda za ta yi?

A'a. Mai kyau ita ce ta polypropylene, wadda ake sa wa alamar PP ko lamba 5, da polyester. Ta PVC, mai lamba 3, tana fitar da sinadarin da ke sa hoto ya manne ya kode, tana kuma ɗauke rubutun fotokwafi ya koma jikinta. Hanci ma na gane ta: tana da ƙarfin warin sabuwar roba, kuma tana da ɗan maiƙo a hannu.

Me ya sa kundina ya buɗe baki ya ƙi rufuwa?

Kauri ya taru a tsakiyar shafuka, gindin kuma siriri ne. Rage kayan ado masu tudu, kada ka riƙa sa babban hoto a wuri ɗaya a kowane shafi, sannan in albam ɗin irin wanda ake ɗaure shafukansa da ƙusoshi ne ka sa siraran kati a gindi tsakanin shafuka. In zobe ya cika kashi uku cikin huɗu, buɗe sabon kundi.

A ina zan ajiye shi?

Zafi, danshi, haske da ƙwari su ne abokan gaba. Hotuna sun fi son danshin iska tsakanin kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari. In ya wuce 65 ya daɗe, fumfuna na iya kamawa. Ajiye kundin a tsaye a cikin kabad, a ɗakin da ya fi sanyi, nesa da taga da bangon da ke jiƙa. Kada ya zauna a ƙasa ko ya jingina da bango, nan gara ke bi. Saman silin da but ɗin mota zafinsu ya yi yawa. Hayaƙin turaren wuta da na girki suna barin dattin da ba ya goguwa, kafur kuma kada ya kwana akwati ɗaya da hotuna.

Da damina, sa shi cikin akwatin roba mai murfi tare da 'yan ƙunshin silika masu tsotse danshi, irin waɗanda ake samu a kwalin sabon takalmi, ka riƙa buɗewa duk wata kana dubawa. Da hunturu ƙura ce matsala, sai a rufe shi da kyau, a share ledar da busasshen ƙyalle mai laushi.

In ruwa ya shiga fa?

Ciro shafukan daga leda nan take, kada su bushe a manne. Hotunan wankin sutudiyo a raba su tun suna jiƙe, in da laka a ɗauraye da ruwan sanyi mai tsafta ba tare da goga fuskar ba, a shimfiɗa su fuska sama a kan tawul a inuwa, fanka na kaɗawa. Na firintar gida kada a ƙara musu ruwa, tawadarsu za ta gudu. Rana da dutsen guga duk ba a sa su. In sun bushe sun lanƙwashe, a danne su da litattafai kwana biyu ko uku.